Bayanan da ba sa biyo mota zuwa Ƙofar Ruwa

Duk wanda yake sayar wa kamfanonin ƙera motoci na Turai da wani ɓangare na mota, ko da ɗan ƙaramin kusa ne, ba a karɓar kayansa sai ya bayyana abin da aka yi shi da shi. Ana shigar da wannan bayani a wani rumbu na intanet mai suna IMDS, wanda kamfanoni irin su BMW da Volkswagen da Ford da Volvo suka haɗu suka kafa a shekarar 2000. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta fitar da doka a kan motocin da suka gama aiki, wadda ta hana sa dalma da zaiba da kadmiyam da wani nau'in kuromiyam mai guba a cikin sababbin motoci daga watan Yulin 2003, in ban da wuraren da aka keɓe, kamar batir. Dokar ta kuma ce daga 2015 dole a riƙa sake amfani ko sake sarrafa kashi 85 cikin 100 na nauyin mota, idan aka haɗa da abin da ake ƙonawa don samun makamashi kuwa ya kai kashi 95.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda yake bin abu har tushensa. Kujerar mota, alal misali, ba a rubuta ta a matsayin kujera kawai. Ana rarraba ta zuwa ƙarfe da soso da yadi da fenti, kowane da nauyinsa, sannan a faɗi sinadaran da ke cikin kowane ɗaya. Mai haɗa fenti ya aika wa mai ƙera ƙarfen kujera nasa bayanin, shi kuma ya haɗa da nasa ya aika gaba, har ya isa hannun kamfanin da ke ƙera motar, wanda yake da ikon ƙin karɓa idan ya ga kuskure. An yarda kamfani ya ɓoye har kashi 10 cikin 100 na haɗinsa saboda sirrin sana'a, amma ba a yarda ya ɓoye wani sinadari da ke cikin jerin masu haɗari ba. Iyakar ma tana da tsauri, domin dalma ba za ta wuce kashi 0.1 cikin 100 na nauyin kayan ba, kadmiyam kuwa kashi 0.01.

Damuwata ita ce wurin da motar take ƙarewa. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Da yawansu ta Kwatano da Legas suke shigowa, su yi shekaru suna aiki, daga ƙarshe a farfasa su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ba na raina gwanintar mutanen waɗannan kasuwanni ko kaɗan, domin wajen ciro abin da zai sake amfani da wuya a fi su, kuma 'yan gwangwan sun san ƙarfe da alminiyam da tagulla da ido. Sai dai ido ba ya nuna cewa makunnin fitilar but na wasu tsofaffin motocin Amurka yana ɗauke da zaiba, ko kuma wace roba ce aka haɗa da maganin hana kama wuta da ke fitar da guba idan aka ƙona ta. Yaron da ke ƙona waya don ciro tagulla, da wanda ke fasa batir yana zubar da ruwansa a ƙasa, su ne suke shaƙar abin da aka rubuta dalla-dalla a wani rumbun da ba a buɗe musu ba, tunda kamfanonin da ke cikin harkar ƙera motoci kaɗai ake yi wa rajista.

Akwai ɗan abin da yake biyo motar. Idan aka juya bayan bamba za a ga haruffa kamar >PP<, waɗanda ke nuna nau'in robar, kuma a Turai ana buƙatar wannan alama a kan duk robar filastik da ta wuce giram 100. Koya wa masu ware roba karanta waɗannan alamomi aiki ne mai sauƙi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya yi da kansu, kuma robar da aka ware nau'i nau'i ta fi daraja a wajen masu narkarwa.

A watan Yulin 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin sabuwar doka da ya tanadi fasfo na kwamfuta ga kowace mota, mai ɗauke da bayanin kayanta da yadda za a kwance ta, tare da hana fitar da motocin da ba su cancanci hawa titi ba. A ganina ya kamata hukumomin muhalli da na kwastan a Najeriya da Nijar su nemi a riƙa ba su damar karanta wannan fasfo tun a bakin tashar jiragen ruwa, sannan a mayar da sashen da ya shafi batir da zaiba da jakar iska mai kare mutum a lokacin haɗari zuwa Hausa, a raba wa makanikai da masu fasa motoci.