Gwiwar Inna, wata goma bayan tiyata

Ranar da likita ya ɗaga hoton gwiwar Inna ya haska mana, ni da ban san komai a aikin asibiti ba sai da na gane ɓarnar. Tazarar da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ta ɓace a ɓangaren ciki. Guringuntsi ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Shekara takwas tana fama. An shafa man zafi, an yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙe iri-iri, ƙafar kuwa sai lanƙwashewa take yi kamar baka. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya sau biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dare, don ina jin nishinta ta bango.

An yi aikin canza mata gwiwar a nan Kano, tana da shekara 67. Allurar baya aka yi mata, rabin jiki ya mutu, idonta biyu. Aka share kan ƙasusuwan da suka lalace, aka ɗaura ƙarfe sama da ƙasa da simintin ƙashi, aka saka roba mai tauri a tsakani. Washegari ma'aikaciyar gashin ƙashi ta zo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ta ce, "Hajiya, bismillah, a miƙe." Wallahi sai da na ji kamar in hana. Ashe tashin nan da wuri shi ke rage haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, shi ya sa ma ake ta yi mata wata ƙaramar allura a fatar ciki.

Mutane na yawan tambayata ko aikin ya yi kyau. Ya yi. Ciwon nan mai hana barci ya tafi, ƙafa ta miƙe, yanzu da kanta take zuwa gidan ƙanwarta a ƙarshen layi. Amma akwai tambayar da ba mu yi ba kafin a shiga da ita, kuma har yau nakan yi nadamar rashin yin ta: za ta iya sujada?

Lissafin mai sauƙi ne, daga baya na fahimce shi. Tafiya a fili ba ta buƙatar gwiwa ta lanƙwashe fiye da digiri 60 zuwa 70. Hawa bene da tashi daga kujera, wajen 90 zuwa 100. Yawancin waɗanda aka canza wa gwiwa sukan tsaya tsakanin 110 da 120, kuma a ma'aunin likitoci wannan nasara ce. To amma zaman tahiya, inda mutum ke ɗora jikinsa kan dugadugansa, yana neman 150 ko fiye. Haka tsugunno a masai, haka zama a tabarma ana tsince shinkafa, haka kujera 'yar tsugunno a gaban murhu. Rayuwar tsohuwa a gidan Bahaushe rabinta a ƙasa take. Gwiwar Inna ta kai 115 ta tsaya.

Ranar da ta tabbata a kan kujera za ta ci gaba da salla, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a daren farko bayan tiyata. Malamin unguwarmu ne ya zo ya zauna da ita, ya tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kishingiɗe. Ta san hadisin tun tuni, amma sai da ta ɗauki makonni kafin zuciyarta ta kwanta. Da mun shirya mata wannan tun kafin aikin, da abin ya zo da sauƙi.

Na karanta cewa kusan mutum 1 cikin 5 da aka canza wa gwiwa ba sa gamsuwa da sakamakon, ko da hoton ƙashi ya nuna komai daidai. Yanzu na gane dalili. Canjin ƙugu ya fi na gwiwa saurin daɗaɗa wa mai shi. A gadon da ke kusa da na Inna akwai wata yarinya mai sikila, ba ta kai 30 ba, kan ƙashin ƙugunta ya mutu saboda jini ya daina isa wurin, aka canza mata ƙugun. Cikin 'yan makonni, da muka haɗu a wajen gashi, tana tafiya da sanda ɗaya tana dariya. Ita ma dai an kafa mata sharuɗɗa na watannin farko: kada ta harɗe ƙafa, kada ta zauna a abu mai ƙasa-ƙasa, don kada gaɓar ta goce. Damuwarta ita ce shekaru. Tun da Dokta John Charnley ya daidaita wannan aiki na ƙugu a Ingila a 1962 ake ta inganta kayan, amma ba sa dawwama. Wani nazari da masana daga Jami'ar Bristol suka fitar a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na ƙugun roba ne ke kai shekara 25, gwiwa kuma kashi 82. Ga Inna wannan albishir ne. Ita kuwa yarinyar, da wuya ta tsira daga aiki na biyu.

Abin da ya fi ba mu wuya a gida ba ciwon ba ne, tausayi ne. 'Yan dubiya suna zuwa da lemo da ayaba, kowa sai ya ce, "Ki kwanta ki huta, kada ki matsa wa ƙafar." Wata ma matashi ta cusa mata a ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi, alhali shi ne abin da aka fi hana mu, domin gwiwa na iya ƙagewa a lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Makonni shida na farko su ne zinariya. Abin da aka rasa na lanƙwasa a lokacin, da ƙyar ake dawo da shi. Ƙanwata ce ta daure ta zama mai taurin zuciya, safe da yamma tana riƙe da diddigen Inna tana ƙirga goma, Inna na cewa, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah." Ni nakan fice waje. In da wanda ya kamata a yi wa godiya bayan likitoci, ita ce.

Mun fasa masai an kafa na zama, an saka ƙarfen riƙewa a bango. Sukarinta muna aunawa kullum, don an ja mana kunne cewa ƙwayar cuta in ta shiga wurin ƙarfe, fitar da ita babban aiki ne. Har yanzu gefen tabon a mace yake, kuma gwiwar na ɗan ƙara in ta taka, likita ya ce ba komai.

Gwiwar hagu ma ta fara magana. Jiya bayan la'asar na tarar da ita a kan farar kujerarta ta roba, carbi a hannu, na ce, "Inna, ɗayar fa?" Ta shafa ta, ta ce in bari azumi ya wuce tukuna, kuma wannan karon da kanta za ta yi wa likita tambayoyi.