Daren sallah, ni da ƙwai 60

Ƙarfe 2 na dare ta gota, bayana ya ƙage, amma na san ko na kwanta barci ba zai ɗauke ni ba sai na sauke abin da ya tsaya min a rai.

An ga wata dai. Ko ruwa ba mu gama sha ba labari ya iso wai an gani a Tumair, garin nan na yankin Riyadh da ake duban wata, can kuma sanarwar Kotun Ƙoli ta biyo baya, su Auta suka ɗau tsalle suna kabbara a kan bene har sai da maƙwabciyarmu ta leƙo tana dariya. Ni kuwa kicin na nufa, don dokar Hajiya surukata ce, kular sallah ba ta fita gidan nan sai da ƙwai kwance a kan dage-dage, ko wa za a kai wa.

Kiret biyu ne bana, kowanne 30. Na farko tun shigowar goman ƙarshe na saya na ajiye a tallaja, wato firiji, da gangan, saboda ƙwan da ya kwana biyu shi ke ɓaruwa da daɗi. Sabon ƙwai farinsa manne yake da tantanin nan na cikin ɓawo, sai ya yi mako guda ko fiye, iska ta ɗan ratsa ɓawon, gurbin nan na gindinsa ya faɗaɗa, sannan yake saki. Na biyun kuwa yau da la'asar Baban su Auta ya shigo da shi daga baƙala, wato kantin unguwa, bayan su Yaya, yayansa, sun bugo sun ce suna tafe daga Jidda da yara gaba ɗaya. Ina ganin kwanan watan da ke jikin kwalin na san akwai aiki.

Yadda na saba na yi musu duka. Sai ruwa ya tafasa sosai nake zura su da ludayi a hankali, minti 11 zuwa 12, in kwashe in juye cikin ruwan ƙanƙara. Ƙanƙara fa, ba ruwan famfo ba, don na Makka tankinsa a saman gida yake, rana ta gama dafa shi tun safe. In suka wuce lokaci a wuta sai gwaiduwar ta yi zobe kore-kore, ba ya cutarwa, yayar Auta ta ce a makaranta an faɗa musu sinadarin ƙarfe ne na gwaiduwa ke haɗuwa da farar wutar da ke cikin farin, amma Hajiya ba ta son gani. Na farkon nan ina ƙwanƙwasa gindi in mirgina a tafin hannu sai ɓawon ya zame sumul, har ina 'yar waƙata. Na biyun kuwa wallahi duk lallaɓar da na yi, a cikin ruwa na ɓare, na sa cokali ma, kusan rabi sai da ɓawon ya ɗebo nama, wasu duk rami-rami, wasu har gwaiduwa ta leƙo.

Hajiya na zaune a kujerarta bakin ƙofar kicin, carbi a hannu ɗaya, ɗayan tana ware su a faranti biyu. Ban kawo komai a raina ba sai da ta fara lissafin kuloli.

Na ce, "Hajiya, waɗannan masu kyan na ina ne?"

Ta ce na gidan masu gida ne, da gidan liman, da sufurar su Yaya, wato abincin da za a shimfiɗa musu.

"Waɗancan fa?"

"Na Iya ne, da samarin nan na ɗakin ƙasa."

Sai da na ajiye cokalin hannuna. Na ce, "Haba Hajiya, Iya fa?"

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ƙwai ai ƙwai ne, ciki zai tafi. Iya ta gida ce, ba a yi wa na gida kwalliya. Waɗancan kuwa da ido suke fara ci, ga haya ta kusa ƙarewa, ko kin manta?"

Na ce to in maganar na gida ce a zuba a namu, mu muka fi kowa zama na gida. Ta ce, "Yayan mijinki zai taso tun daga Jidda ki ajiye masa yagaggen ƙwai a gaban matarsa? Ki yi abin da na ce, Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, na ja bakina na yi shiru, don ba a ja da Hajiya a daren sallah, ba a ma ja da ita ko yaushe.

Amma tun ɗazu abin ke cina. Iya fa ta tsufa a unguwar Gulail ta Jidda tana suyar ƙosai da damun koko, har rusau ɗin nan na Jidda da aka fara ƙarshen 2021 ya ci unguwar, ya haɗa da Karantina da Sabil da Petromin, ta tattaro 'yan komatsanta ta dawo nan Makka cikin 2022, ɗaki guda ba taga mai kirki. Tun zuwanta duk abin da ya fita daga gidan nan zuwa wurinta ragowa ne, abayar da aka gaji da ita, fankar da ta fara ƙara, sauran miyar jiya. Ba ta taɓa nuna wani abu ba, kullum "Allah ya ƙara buɗi, 'yata." Ita ce kuma ta riƙe min Auta lokacin da na kwanta asibiti, a bayanta yake barci. Shinkafar zakkar fidda kai da muka kai mata shekaranjiya haƙƙinta ce, Allah ne ya yanka mata, ba kyautarmu ba ce. To ranar da za a ce ga abin da ya fito daga hannunmu don girmamawa, shi ma sai a zaɓo wanda ya yage? Masu gidan nan ƙila ma mai aikinsu ce za ta buɗe kular. Iya kuwa da hannunta za ta buɗe, ta daɗe tana kallo kafin ta ci, na san halinta.

Kuma ba wai ban gane Hajiya ba ne. Matar da iyayenta suka taso da ita tana ƙarama, ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka yi zaman neman guzuri a hanya kafin su haye Bahar Maliya, ta tashi ta tsufa a ƙasar da kullum sai ka lallaɓa wanda ke sama da kai. Tsoron ɓata wa mai gida rai a jininta yake, kuma shi ya riƙe gidan nan har muka zo muka tarar. Tana son Iya, tare suke hira bayan isha'i har su yi kukan tuna gida. Wannan ne ma ya fi damuna, da ƙiyayya ce da na san yadda zan ɗauke ta.

Ƙullin waina ya tashi. Maƙwabciyarmu ta aiko da dabyaza, kayan zaƙin sallar mutanen nan, da burodin shuraik, na mayar mata da dubulan. Tob ɗin Auta, wato jallabiyarsa, har yanzu yana wurin masu guga, an ce babansu ya koma ƙarfe 3. Goron sallar yara na canjo sababbin riyal biyar-biyar. In muna son wuri a Harami sai mun fita kafin asuba, don idi kamar kwata ne bayan fitowar rana.

Bayan Hajiya ta shiga ɗaki na ɗauki guda uku daga farantin masu kyau na sa a kular Iya, na rufe na ɗaure da ɗankwali. Yagaggun zan yayyanka da albasa da attaruhu in zuba wa yara a burodin samuli da safe, sauran a nutsa su cikin miyar da za mu ci mu ya mu. Samarin ƙasa kam ban samu yadda zan yi da nasu ba, masu kyan ba za su kai ba, wannan ma bai min daɗi ba.

Da asuba Hajiya za ta ƙirga, ba ta taɓa fashin ƙirga ba. Gara in riga ta faɗa tun kafin ta buɗe tallaja, in ce mata nawa na cire da na Baban su Auta da na yayar Auta, ban taɓa na baƙinta ba.