Ɗigon da ke kan allo da dutsen da ke ƙarƙashin ruwa

Duk inda matuƙan ƙananan jiragen ruwa suka haɗu, in an ɗaure igiya an zauna, da wuya a watse ba a yi gardamar manhajar taswirar ruwa ba, wato wadda ke nuna wa matuƙi hanya da zurfin ruwa a allon waya. Wannan ya ce Navionics ta yi wa kowa fintinkau. Wancan ya ce shi C-MAP ya sani, launinta ya fi kwanta masa a ido. Can gefe kuma akwai mai OpenCPN, wanda ba ya biyan kuɗin shekara, yana ta kallonsu. Ni ma ina cikin masu gardamar, domin ba na fita ruwa sai da manhaja a hannu, kuma ina ƙaunar abin da ta sauƙaƙa mana. Abin da ke damuna shi ne kusan kullum a kan kwalliya ake musun. Tambayar da ta fi muhimmanci ba a cika yin ta ba: lambar zurfin nan da kake gani a allo, wa ya auna ta, kuma yaushe?

Navionics kamfani ne da ya taso a Italiya, Garmin ya saye shi a 2017. C-MAP na ƙarƙashin kamfanin Navico, wanda kamfanin Brunswick ya saya a 2021. Ga su Aqua Map da iNavX da Savvy Navvy, kowacce da masoyanta. OpenCPN kuwa masu sa kai ne suke gina ta, kyauta ce, amma kai za ka nemo taswirar da za ka zuba mata. Sai dai yawancinsu rijiya ɗaya suke ɗiba. Tushen bayanansu hukumomin auna teku ne na ƙasashe, irin su NOAA ta Amurka da UKHO ta Birtaniya, sannan kowane kamfani ya ƙara nasa a kai. Saboda haka mutum biyu na iya kwana suna musu a kan manhajoji biyu, alhali awon ruwa ɗaya ne a ƙarƙashinsu.

To ga inda gizo ke saƙar. Har zuwa watan Mayun 2000, gwamnatin Amurka da gangan take rage daidaiton GPS ga farar hula, kuskuren kan kai kusan mita 100. Da aka cire wannan takunkumi sai ya dawo 'yan mitoci kaɗan, yanzu ma wayoyi da yawa na haɗawa da taurarin ɗan Adam na Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Wato ɗigon da ke nuna jirginka yana nan daidai ƙwarai. Amma taswirar da ɗigon ke tafiya a kanta fa? Akwai wurare da dama a duniya da awonsu na ƙarni na 19 ne, lokacin da mutum ke tsayawa a gaban jirgi ya jefa dalma ɗaure da igiya, ya ji ta taɓa ƙasa, ya faɗi zurfin a rubuta. Tsakanin jifa da jifa, dutse na iya zama a ɓoye babu wanda ya sani. Allon waya ba ya nuna tsufa. Awon jiya da na shekara ɗari da suka wuce duk launi ɗaya suke fitowa, tsaf-tsaf, sai zuciya ta amince da su baki ɗaya.

Kada a ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce. A Janairun 2013 jirgin sojan ruwan Amurka, USS Guardian, ya hau kan tudun murjanin Tubbataha a Filifin. Taswirar kwamfutar da suke bi ta ajiye wurin kusan mil 8 na teku daga inda yake a zahiri, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Jirgin bai fita ba sai da aka yanyanka shi. Binciken da aka yi bai tsaya ga taswira ba, ya ɗora wa matuƙan laifin dogara da ita su ƙyale abin da idonsu ke nuna musu.

Abu na biyu, wanda ni a wurina ya fi tsoratarwa, shi ne zancen jawo taswira kusa da tura ta nesa. Taswirar allo iri biyu ce. Akwai wadda hoton ta takarda ce kawai, abin da ke ciki yana nan ko ka faɗaɗa ko ka rage. Akwai kuma wadda kwamfuta ke zanawa daga bayanai hawa-hawa, ita ce yawancin manhajoji ke amfani da ita yanzu. Wannan ta biyun in ka tura ta nesa don ka ga tafiyar gaba ɗaya, sai ta ɓoye ƙananan abubuwa don kada allo ya cunkushe. Wani lokaci "ƙaramin abin" nan shi ne zai fasa maka jirgi. A Nuwamban 2014, a gasar Volvo ta tseren jiragen ruwa masu zagaya duniya, jirgin Team Vestas Wind ya taso daga Cape Town zuwa Abu Dhabi, cikin dare ya afka kan tudun murjani na Cargados Carajos, arewa maso gabas da Mauritius. Ƙwararru ne na ƙin ƙarawa. Tudun yana cikin taswirarsu, amma a matakin da suke kallo bai fito a matsayin haɗari ba. Allah Ya kiyaye, duk mutum taran sun tsira.

Shi ya sa duk hanyar da na zana, sai na sa yatsu biyu na buɗe ta sosai, na bi ta taku-taku daga mafari har inda zan jefa anga. Aiki ne mai cin rai, musamman in tafiyar doguwa ce, amma ba na tsallake shi. Kuma da wannan nake auna manhaja: in na tura ta nesa, tana barin wata alama a kan wurin haɗari ko shafe shi take yi? In na taɓa wuri, tana faɗa mini asalin awon da ingancinsa? Taswirorin hukuma na da ma'aunin da ke rarraba wurare bisa yadda za a iya amincewa da awonsu. Manhajar da ke fito da wannan a fili ta fi mini wadda ta fi ta kyan gani.

Zana hanya da kanta da wasu manhajoji ke yi, abu ne mai daɗi, ba na musu. Ka shigar da zurfin gindin jirginka da tsawonsa, ka nuna inda za ka, ta shimfiɗa maka layi. Ni ina ɗaukar layin a matsayin shawara. Ba ta san yashin bakin kogi ya ƙaura bayan ambaliya ba, ba ta san masunta sun shimfiɗa raga ba. Haka ma zurfin da ake tattarowa daga na'urorin sauran matuƙa, irin SonarChart na Navionics. A inda jirage ke yawan bi yana da amfani matuƙa, har ya kan nuna abin da taswirar hukuma ba ta kai gare shi ba. Amma kowa da yadda ya saita na'urarsa, kuma teku na cika yana janyewa, don haka a wurin da ruwa ya yi ƙaranci ba na jingina da shi kaɗai.

Sai ita kanta wayar, wadda masu gardama ke mantawa da ita. Da tsakar rana, in hasken ya daki ruwa ya dawo, allon kan koma kamar baƙin gilashi, sai ka kare shi da tafin hannu kana ƙanƙance ido. Ka ƙure haskensa, batir ya riƙa zuba. Ka bar shi a rana, ya yi zafi ya rubuto maka cewa sai ya huce. Apple da kansa ya ce na'urorinsa an yi su ne don yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Celsius ba. Ga feshin ruwan gishiri: ɗigo ɗaya a kan allo, ka danna nan ya buɗe can, daidai lokacin da kake shiga mashigi mai ƙunci. Wani abin kuma da ke kama mutane, iPad mai Wi-Fi kawai ba shi da GPS a cikinsa, sai mai gurbin layin waya, ko kuma ka haɗa masa na waje. Taswira ma dole a sauke ta tun ana tudu. GPS ba ya buƙatar intanet, amma taswirar da ba ka sauke ba ba za ta zo maka a tsakiyar ruwa ba.

Ina roƙon 'yan uwa su kula da batun AIS, tsarin da manyan jirage ke sanar da matsayinsu da shi ta rediyo. Wasu manhajoji na nuna jiragen ne ta intanet, daga tashoshin da ke gaɓa, kuma bayanin kan iso a makare. Jirgin dakon kaya da ke gudun mil 15 na teku a awa yana cin fiye da mita 450 a minti ɗaya. In hazo ya rufe, jinkirin 'yan mintoci ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke ratsa hanyar manyan jirage ya sa na'urar karɓar AIS ta gaske a jirginsa, ta riƙa tura wa manhajar kai tsaye. Ya kuma tuna cewa ƙananan jirage da yawa ba sa ɗauke da ita sam.

Wasu za su ce a koma takarda. Ina son takarda, amma zamaninta na ja da baya. NOAA ta sanar a 2019 cewa za ta daina fitar da taswirorinta na takarda na gargajiya, ta kuma kammala kafin shigowar 2025, ko da yake taswirorinta na kwamfuta kyauta ake sauke su. UKHO ta faɗi a 2022 cewa za ta daina nata zuwa 2026, da matuƙa suka koka sai ta ɗage. Inda nake da takardar wuri, tana cikin jirgi a leda, tare da fensir da kamfas.

A aikace, manhaja biyu nake riƙewa a na'urori biyu, kuma ina ƙoƙarin su kasance masu tushen bayanai daban. In sun yi daidai, hankalina ya kwanta. In sun saɓa, na ɗauki wadda ta nuna ƙarancin ruwa, na rage gudu, idona na kan na'urar auna zurfi, domin ita kaɗai ce ke faɗin abin da ke ƙarƙashina a wannan lokacin. Kowace awa nakan rubuta matsayina da lokaci a littafi, saboda in allon ya mutu in san daga inda zan fara lissafi. Sabon matuƙi in ya tambaye ni wadda zai saya, nakan ce ya sauke biyu ko uku a lokacin gwajinsu, ya je ruwan da ya sani kamar tafin hannunsa, ya duba wacce ta nuna dutsen da shi ya riga ya san yana nan.