Abin da likita ya zana wa gwaggo

Yau na raka gwaggona gashin ciwon kansa, wato maganin da ake yi da hasken inji. Tana fitowa ta tare likita: "Ɗana, hasken nan ban gan shi ba, ban ji zafinsa ba, anya yana yin wani abu?" Ya yi murmushi, ya juya takardar hannunsa ya zana ɗan da'ira. Ya ce, "Mama, hasken kakkarya sinadarin DNA na ƙwayar kansa yake yi har ta kasa hayayyafa. Amma akwai saura." Ashe ɓurɓushin DNA ɗin kan zubo daga cibiyar ƙwayar, wani furotin mai suna cGAS ya tsince shi, ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shigo, sai a saki intaferon, sinadarin da ke yin gangami a jiki, sojojin garkuwar jiki su taho. Wai har akan samu ƙarin kansar da ke wani sashen jiki, wanda hasken bai taɓa ba, ya motse. Tun 1953 masana suka ba abin suna, sai dai ya ja mana kunne cewa ba kasafai yake faruwa ba, kada mu ɗora rai.

Gwaggo dai gyaɗa kai kawai ta yi ta ce Allah ya sa a dace. Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Kansa ta iya ɓuya wa garkuwar jiki. Gano yadda ake cire wa garkuwar birki don ta yaƙi kansa ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018, yanzu kuma ana ta gwada haɗa magungunan cire birkin da gashi. Duk kwanakin nan injin kaɗai nake yi wa addu'a ya yi aiki, ashe jikinta ma yana cikin yaƙin.