Na je Urushalima neman JP, na dawo da kumburin ƙafa

Yau kwana biyar da dawowarmu daga Isra'ila kuma har yanzu ƙafata ta hagu ba ta shiga takalmi, da silifa na je sujada ran Lahadi, mutane na ta yi min barka da dawowa suna satar kallon ƙafar. Bari in ba da labarin tun da zafinsa, kafin in fara gyara shi yadda zai yi min kyau.

Gaskiyar magana, abin da ke raina lokacin da sunana ya fito cikin masu tafiya ziyarar ibada shi ne harufa biyun nan da ake liƙawa bayan suna, JP, wato Jerusalem Pilgrim, wanda ya je ziyarar ibada Urushalima. Na daɗe ina ganin su a katin biki da kalandar coci ina haɗiyar yawu. Na ɗinka kaya kala huɗu, na sayi sabon takalmi sau-ciki saboda hoto, na rubuta sunayen mutum 38 da zan kawo wa tsaraba. Takalmin nan ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Jirgi dai jirgi ne. A inda muka sauka aka fara koya min darasi. Wata yarinya ce a bayan gilashi, ba za ta girmi 'yata ta fari ba, ta kira sunana gatsau ba malam ba baba, wa ya haɗa maka jaka, me ka zo yi, wa ka sani a ƙasar nan, me zai sa ka koma gida. Tambaya ɗaya ta juya ta sau uku. Ko ɗaga kai ba ta yi ta dube ni ba, da ta gama ta turo fasfo da ɗan yatsa. Ba sa buga hatimi a fasfo, wata 'yar takarda shuɗiya suke ba ka, aka ce in ta ɓata ka shiga uku. A gida ni dattijon ikilisiya ne, in na shigo yara na tashi su ba ni kujera, a nan kuwa layi na bi da fasfo a hannu ina amsa "yes ma".

A otal aka haɗa mu biyu-biyu, ni aka haɗa ni da wani tsoho, mai bishara ne da ya yi ritaya, ya haura saba'in, 'ya'yansa da zumuntar matan ƙauyensu suka yi karo-karo suka biya masa. Raina bai so ba, na so a haɗa ni da ɗaya daga cikin manyan da muka zo da su ko na samu lambar waya mai amfani. Baba kam 'yar jaka ɗaya ya zo da ita, riga uku, rigar sanyi ɗaya da aka ara masa, sai Littafi Mai Tsarki da bangonsa ya sha salatif. Ƙarfe huɗu na asuba na ji motsi. Ashe ya shiga banɗaki ya kunna fitila ya ja ƙofa wai don kar ya tashe ni, ya buɗe wani littafin rubutu irin na 'yan firamare yana karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya yana yi musu addu'a. Raɗa yake yi a ganinsa, amma kunnensa ya yi nauyi, raɗar tasa har gado take zuwa. Na ja bargo ina tsaki. Kwana uku a jere haka, a rana ta uku na ji sunana a ciki.

Tekun Galili da muke ji tun Sande Sukul ashe tafki ne, ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21 faɗinsa 13, kana tsaye a wannan gaɓa kana hango duwatsun wancan ƙetaren. Kuma yana ƙasa da matakin teku da sama da mita 200, shi ya sa kunnuwa ke toshewa in mota na gangarawa. A jirgin ruwan katako da muka shiga sai da suka ɗaga tutar Najeriya suka sa taken ƙasa, mata suka ɓarke da waƙa, masu jirgin ma sun san yadda za su kama mu don nan take suka baje kayan sayarwa. Da rana aka kai mu cin abin da suke kira kifin Bitrus. An yi ta zuzuta shi tun a mota. Aka ajiye min faranti na duba, karfasa ce! Karfasar da nake saya a bakin dam, ita ce aka soya ba yaji ba komai, aka ɗora mata lemon tsami da dankali, kuɗinta kuwa da na juya shi zuwa naira sai da cokali ya tsaya a hannuna. Baba ya cinye tasa har kai ya ce, ɗana, ci ka gode, almajiran ma ba su samu lemon tsami ba.

Kogin Urdun ya fi ba ni mamaki. A wurin baftisma na kusa da Yariko faɗinsa 'yan taku ne, ruwan ja-ja kamar na damina, ga sojan Jodan can a ɗaya gefen kuna kallon juna. Sai na tuna Na'aman na cikin Littafi Mai Tsarki, kuturun da aka ce ya yi wanka a kogin nan, da ya yi fushi ya ce kogunan Dimashƙu sun fi wannan, na ce lallai mutumin nan ba sharri ya yi ba. Duk da haka sai da na cika gora shida, don mutum 38 na jirana.

Wani abu da ba wanda ya gaya mana shi ne lif ɗin Asabar. Daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa daren Asabar Yahudawa masu riƙe da addini ba sa danna maɓalli, don haka akwai lif da aka saita yana tsayawa a kowane hawa da kansa. Na shiga ban sani ba, ina ta danna lamba ina faɗa wai ya lalace. Kuma a teburin da akwai nama ba za ka ga madara ko man shanu ba, ranar da na nemi madarar shayi bayan cin nama kallon da ma'aikacin ya yi min kamar na zagi wani.

Baitalami ba ta fi kilomita 10 daga Urushalima ba, amma sai ka wuce shingen bincike da doguwar katangar kankare, don tana yankin Falasɗinawa ne. Cocin da aka gina a wurin haihuwar Yesu na cikin mafi daɗewa da har yau ake sujada a cikinsu, ginin da ke tsaye tun zamanin sarki Jastiniyan ne a ƙarni na 6. Ƙofar shiga kuwa tsawonta bai wuce mita 1.2 ba. Da babba ce, ana ganin alamar tsohuwar a jikin bango, aka yi ta rage ta don kar a riƙa shiga da dawakai. Yanzu ƙofar tawali'u suke ce mata. Kowa sai ya duƙa. Wani babban mutum a cikinmu da ke ta tuna mana muƙaminsa tun Abuja ya duƙa rabi, dutse ya kwashe masa hula, Baba ne ya tsinta ya kaɗe ya miƙa masa da hannu biyu. Ni ma na bugu a ƙeya, ba wanda ya gani sai yanzu da na faɗa.

A shagon kayan itacen zaitun na ji daɗin zama Bahaushe. Na ɗauki wani sassaƙen makiyayi da tunkiya a kafaɗa, mai shagon ya ce min dala hamsin da Turanci, ya juya ya yi wa yaronsa magana da Larabci, sai kunnena ya tsinci "ishirin". Na ce masa ashirin ɗin nan da ka faɗa ita zan biya. Ya zaro ido ya fashe da dariya, muka tsaya muna ƙirge tare, talatin, arba'in, hamsin, sittin, duk namu ne. A ashirin da biyar muka rabu kuma na san ya ci riba. Kirista ne, Balarabe, yana cewa Allah yadda muke cewa, Yesu kuma Yasu. Ya ce yawancin danginsa sun yi ƙaura zuwa Amurka da Chile, Kiristocin garin sun ragu sosai. Ya kawo mana gahawa mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna. Baba bai sayi ko allura ba, yana gefe yana taya yaron shagon naɗe kayan mutane da jarida, ba wanda ya sa shi. Da za mu fita mai shagon ya bi shi har mota ya danƙa masa ɗan gicciye a hannu, ya ƙi karɓar ko sisi. Ni da na zube dala sama da ɗari ko leda ta biyu sai da na roƙa.

Ranar Urushalima ce takalmi ya nuna min halinsa. Garin duk hawa da gangara ne a kan dutse mai santsi. Mun fara daga Dutsen Zaitun muka gangaro Gatsemani, lambun da Yesu ya yi addu'a daren da aka kama shi almajiransa na barci, inda tsofaffin itatuwan zaitun takwas suke a cikin shinge, gindinsu a murɗe kamar igiya. Cocin da ke gefen an gama shi a 1924, cikinsa duhu-duhu da gangan, tagoginsa ruwan shunayya, don ya yi kama da dare. Fasto ya ce kowa ya yi shiru minti goma ya yi addu'a. Na zauna a benci, ƙafa na zugi, sanyi na ratsa ni, na fara da Ubanmu wanda ke cikin sama, abin da na sani kawai shi ne Baba na taɓa min gwiwa wai an tashi. A Gatsemani fa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Hanyar gicciye na ɗauka wuri ne na tsit, ashe tsakiyar kasuwa ce, kana waƙa mai tura baro na cewa ka kauce. A cocin kabari mai tsarki ɗarikoki shida ne ke raba wurin, kowa da kusurwarsa da lokacinsa, kuma saboda rashin jituwarsu mabuɗin ƙofar yana hannun wasu iyalai biyu Musulmi ɗaruruwan shekaru, su ke buɗewa su ke rufewa. Akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga da ya fi shekara 250 a wurin don ba wanda ke da ikon matsar da shi shi kaɗai. Na yi dariya, sai kuma na tuna wata uku muka yi a kwamitinmu muna rigima kan wanda zai riƙe mabuɗin ɗakin janareta, kuma ni ne na fi kowa ɗaga murya.

A bangon da Yahudawa ke addu'a na cusa takardata a tsagar dutse kamar kowa. Ƙarin girma a wurin aiki, filin da nake nema, mota. Na ce Baba kawo taka in rubuta maka, ya ce a'a ɗana, wanda nake faɗa wa a gida shi ne a nan, ya dafa bangon ya yi shiru na ɗan lokaci muka wuce. Benen da aka ce a nan aka yi jibin ƙarshe ɗaki ne fayau ba komai, ginin ma na zamanin yaƙin gicciye ne, har da alamar alƙibla a bango don ya taɓa zama masallaci. Fasto ya karanta Yohanna 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, cikin hayaniyar wasu ayari uku, ni hankalina na kan diddigena.

Da dare na cire safa da ƙyar, ta manne da fata, diddige ya saluɓe, ƙafar ta yi suntum. Baba ya duba ya fita. Can sai ga shi da gishiri a ƙulle cikin tishu, daga ɗakin cin abinci ya roƙo. Ba baho a ɗakin, sai ya juye kwandon shara na roba ya wanke shi da sabulu sau biyu, ya dafa ruwa a butar shayi ya sirka, yana gwadawa da gwiwar hannu kamar mai wankan jariri. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Na ce haba Baba, don Allah tashi, ni zan yi.

Ya ce hannunka zai kai ne da wannan tumbin? Miƙo.

Na miƙa. Tafin hannunsa kaushi kamar bayan itace, amma a hankali yake dannawa, yana ba ni labarin yadda ya yi shekara goma sha ɗaya yana zagaya ƙauyuka biyar da ƙafa kafin ikilisiya ta saya masa keke, wai ciwon ƙafa kam ya san shi ciki da bai. Ya goge da tawul ɗinsa, ba nawa ba. Washegari ya ba ni silifansa na wanka, shi ya sa nasa tsohon kambas. Duk hotunan da na ɗauka daga ranar, ga babbar riga ga silifa shuɗi.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. Tekun Gishiri ban shiga ba saboda ciwon, na zauna ina gadin jakunkuna. Kabarin lambu, wani wurin daban da wasu ke cewa nan ne kabarin Yesu, ya fi min kwanciyar hankali, kyauta ake shiga, a can muka ci jibi. Daren ƙarshe aka raba mana satifiket, aka yi ta tafi. A filin jirgi kayana suka haura da kilo tara, Baba ya ce a zuba a jakarsa tunda rabinta iska ce.

Gora ɗaya ta fashe a hanya, ruwan Urdun ya jiƙa satifiket ɗin, yana nan na danne shi da littattafai ko zai miƙe. Jiya da daddare Baba ya kira da wayar jikansa, ya tambayi ƙafa, sannan ya ce in maimaita masa sunan 'yata mai rubuta jarabawa a hankali, wai biro na hannunsa.