Ranar da kujeru tara suka zama wayam

Shekara biyar na yi ina rubuta bayanan zaman hukumar gudanarwa ta wani asibitin gwamnati. Da na fara, na ɗauka tsawon wa'adin mambobi ne abin dubawa, shekara uku ko huɗu. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba.

Mambobinmu tara rana ɗaya aka naɗa su, rana ɗaya kuma wa'adinsu ya cika. Sababbi suka zo, mutane masu ilimi da mutunci, amma babu wanda ya san abin da ya sa aka hana ɗan kwangilar da ya gyara ɗakin tiyata cikon kuɗinsa. A zama na biyu aka kawo takardar. Shugaban hukuma ya juya ta gaba da baya, ya leƙo ni ta saman tabarau: "Malam sakatare, mene ne labarin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rufin ne yake yoyo." Wata mamba ta ce ai ba ta ga haka a fayil ba. Da gaskiyarta. A lokacin tsofaffin mambobi an kwashe awa guda ana muhawara a kan rufin nan, ni kuwa layi ɗaya na rubuta: an dakatar da biya. Dalilin ya tafi da waɗanda suka tafi.

Maganin ba sabo ba ne. Majalisar Dattawan Amurka wa'adin shekara 6 gare ta, amma duk bayan shekara 2 kashi ɗaya cikin uku na kujerun kaɗai ake sabuntawa. Da haka muka yi, da uku sun sauka sun bar shida da suka san jiya. Sabon mamba kan ɗauki kusan shekara guda kafin ya iya karanta kasafin kuɗin asibiti ba tare da an ja shi a hanci ba, dole akwai na tambaya kusa da shi.

Kada dai a ce ina son a dawwama a kujera. Na ga mamban da aka yi ta sabunta masa wa'adi har ya zama abokin hirar shugaban asibiti, daga nan tambayarsa ta mutu. Wa'adi biyu sun isa, a ganina.

Kuɗin ɗan kwangilar dai sai da aka kira tsohon shugaban hukuma a waya, aka tura injiniya ya hau rufin, sannan aka san nawa za a cire.