Jarka da Gawo: Karatuna a Damagaram

Ranar da na sauka a tashar Damagaram, cikin watan Oktoba na 2022, ban ɗauki kaina baƙuwa ba. Daga gidanmu a Kazaure zuwa nan ko yini ɗaya ba a cikawa a hanya: a bi ta Daura, a tsaya Kongolam, a tsallaka Ɗan Barto, sai Matamai. Hausa a can, Hausa a nan. Mahaifiyata ma 'yar unguwar Birni ce, tsohuwar unguwar Damagaram, aure ya kai ta Nijeriya. A shekarar, yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da ɗalibai wata takwas a gida, don haka da Kawu ya ce in taho in yi karatu a hannunsa, Abba bai ja da nisa ba.

Kasuwa ce ta fara nuna mini cewa na bar ƙasarmu. Mai tumatir ta ce mini "dala ashirin", na tsaya ina kallon kuɗin da ke hannuna ban san wanne zan miƙa ba. Inna, matar Kawu, ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, dala ɗaya sefa biyar ce. Duk abin da aka faɗa miki, ki ninka sau biyar." Sai da na yi watanni kafin lissafin ya zauna mini. Haka ranar da na ji yaran gida suna kiran malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, "mushe", gabana ya faɗi, don a wurinmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Ashe kalmar girmamawa ce da aka aro daga Faransanci.

Faransancin nan shi ya ci mini shekara guda cur. Na kammala sakandare da sakamako mai kyau, amma ga ni zaune kan tabarma da yamma, yarinyar aji biyar tana gyara mini furuci. Na yi kuka ba sau ɗaya ba. Bayan an daidaita takarduna, a 2023 na shiga Jami'ar André Salifou, na ɗauki fannin kimiyyar muhalli. Digirin farko a nan shekara uku ne, lisansi ake ce masa. Shekarar farko lissafi ne da kimiyyar sinadarai da ta halittu da ilimin duwatsu, kuma rabin abin da ake faɗa a aji sai dare nake gane shi, da ƙamus a cinyata.

Abin da ya sa karatun ya shiga jikina kuwa jarka ce. A gidan Kawu, cikin bazara, famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, idan kuma zai zo sai tsakar dare. Inna takan tashe mu, mu jera jarkoki da bokitai har asuba, in bai zo ba a jira 'yan garuwa. Ina cikin wannan hali muka shiga darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Malam ya tambaye mu wa ya taɓa lura da manyan duwatsun da ke tsaye a cikin Birni, waɗanda gidaje ke jingine da su. Ya ce garin kacokan a kan irin wannan dutsen yake zaune, dutse mai tauri da ba ya riƙe ruwa sai abin da ya maƙale a tsagoginsa. Shi ya sa ake janyo ruwan sha daga nesa, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 400 ba, cikin wata uku zuwa huɗu, ga jama'a kullum ƙaruwa suke. Ya ƙara da cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. A daren na tsaya bakin famfo ina jin iska na fita daga bututu, a karo na farko na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Wahalar ba ta ragu ba, amma na daina ganin laifin Inna da take faɗa idan an zubar da ruwan wanke-wanke ba a ba bishiyar zogale ba.

Baƙuncina na gaske ya zo ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kayan masarufi suka yi tsada. A fadar samarin ƙofar gidanmu, inda ake dafa shayi har dare, idan na gifta sai in ji ana cewa "ga ta mutanen da suka kashe mana wuta". Wasu da wasa suke faɗa, wasu kuwa har zuci. Abin ya yi mini ciwo, don ni ma a duhun nake karatu da fitilar waya, kuma gida yana nan kusa amma ba halin zuwa. Kawu ne ya fita wata rana ya ce musu, "Uwarta a Birni aka yanke mata cibiya. Wanda ya fi ta zama ɗan garin nan ya tashi in gani." Tun daga ranar suka koma gaishe ni. Sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe iyakarta.

A shekara ta biyu muka fara fita daji, kuma a nan ne na sami gurbina. Aka kai mu ƙauyukan Matamai mu ƙirga itatuwa a gonaki, mu auna kaurinsu, mu yi hira da manoma. Takardar tambayoyin da Faransanci take. Abokan karatuna da suka fi ni harshen aji, wasunsu Zabarmawa daga yamma, wasu 'yan birni da ba su taɓa riƙe hauya ba, sai suka riƙa tura ni gaba. Ni jikar manomi ce, na san yadda ake durƙusawa a gaida dattijo, na san ba a fara tambaya kafin a sha ruwa.

Wani tsoho ya zagaya da mu gonarsa, gawo ko'ina, su a nan gao suke cewa. Na ce, "Baba, duk kai ka dasa waɗannan?" Ya girgiza kai. "Ko ɗaya ban dasa ba, ɗiyata. Bari na yi." Ya tsuguna ya nuna mini wani kututture da ya tofo rassa da yawa, ya ce idan an zo sharar gona ba a sare shi duka, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga awaki. Saiwar tana nan da rai a ƙasa tun da can, shi ya sa yake saurin girma fiye da dashe. Sassaben zamani suke kiran wannan. Ya ce bayan yunwar 1984 daga nan kana hango wancan ƙauyen ba abin da ya tare maka ido, iska na binne shuka sai an sake yi sau biyu, sau uku.

Gawo itace ne mai abin mamaki. Da damina, lokacin da kowane itace ke kore, shi yake zubar da ganye, sai hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana da taki. Da rani ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar kashinsu a gindinsa. A aji an koya mana cewa saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Baba bai san sunan ba, amma ya kai ni ya nuna mini inda zangarniya ta fi nauyi. Masu bincike da suka gwada hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. A ganina wannan ya fi ƙarfin yawancin bukukuwan dashen itace da na taso ina gani, inda ake ɗaukar hoto ranar dashe, wata biyu kuma ka zo ka tarar da ramuka. Kuma yana ba ni haushi cewa na yi sakandare nesa kaɗan da nan, an koya mana kwararowar hamada, ba wanda ya taɓa ce mana maƙwabtanmu sun sami wata dabara.

Damanar 2024 ta nuna mana ɗaya fuskar matsalar ruwa. Garin da muke kwana bakin famfo shi ne ruwa ya ci. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya haura shekara 150, ya rushe. Na kira Mama na gaya mata, ta yi shiru a waya har na ɗauka layin ya yanke, don a gindinsa ta yi wasan ƙasa. Dutsen da ya hana mu ruwan rijiya shi ne ba ya barin ruwan sama ya nutse da sauri, sai ya kwanta a tafkuna da unguwanni. A kan tafkunan cikin gari nake son in rubuta aikina na kammalawa: inda ruwansu ke fitowa, sharar da ake zuba musu, da gidajen da aka gina a hanyar ruwa.

Da na je gida hutun da ya wuce, lokacin sharar gona ne. Na bi Abba gonarmu ta bayan gari, na tarar mai aiki ya ɗaga gatari kan wani tofon gawo. Na roƙi Abba a bar shi. Ya ce tsuntsaye za su taru su cinye masa gero. Muka daɗe muna magana a tsaye cikin rana, daga ƙarshe ya ba ni kusurwar gabas, ya ce in yi yadda na ga dama da ita. Na datse guda goma sha ɗaya yadda Baba ya nuna mini, na ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don kada a sare. Shekaranjiya ƙanena ya turo mini hoto, tara suna nan, biyu awaki sun cinye.